Yadda Za Ka Farfaɗo da Tsohuwar Nokia 3310, Ka Kuma San Abin da Ke Cikinta

A watan jiya muka buɗe akwatin ƙarfen Baba, Allah Ya jiƙansa, muna neman wata takardar fili. Can ƙasa, naɗe cikin wata hula da ya daina sawa, sai ga Nokia 3310 ɗinsa, shuɗiya mai duhu, wasu lambobin har sun koɗe saboda yawan dannawa. Ƙanena ya ce a miƙa wa yara su yi wasa da ita. Na ce a bar mini. Bayan kwana uku wayar ta kama, har na amsa kira da ita. Hanyar da na bi ita zan shimfiɗa a nan, domin gidaje da yawa suna da irinta kwance a durowa, kuma galibinsu lafiyarsu ƙalau, batir ne kawai ya gaji.

Kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya sanar da wannan waya ranar 1 ga Satumba, 2000, a matsayin magajiyar 3210, kuma an sayar da guda miliyan 126 a duniya. Ta faɗo a kan gaɓa a wajenmu, don a watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a Najeriya, zuwa watan Agusta MTN da Econet suka fara sayar da layi. A lokacin minti ɗaya naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi kana magana, sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Mutane da dama da 3310 suka fara cewa "halo" a rayuwarsu.

Mataki na farko: tabbatar da abin da ke hannunka

Suna ɗaya, waya biyu. A watan Fabrairun 2017 kamfanin HMD Global ya fito da wata sabuwa mai suna 3310 a Basalona, mai allo mai launi, da kyamara, da gurbin memori, da ramin caji irin na USB. Ba ita nake nufi ba. Ta asali ba ta da kyamara, ba ta da rediyo, ba ta da tocila, ba ta shiga intanet. Allonta baƙi da fari ne, in ka danna maɓalli sai ya kawo koren haske. Tsawonta milimita 113, faɗi 48, kauri 22, nauyinta giram 133. Da ka ɗaga za ka ji ta cika hannu. Maɓallin kunnawa yana can bisa kanta, eriyarta kuma a ciki take, ba ta leƙo waje kamar ta wayoyin da suka gabace ta irin su 5110 ba.

Juya bayanta, ka danna ɗan makullin da ke ƙasan murfin, ka tura murfin sama, ka ɗaga shi. Batirin yana riƙe ne da 'yan maƙalai biyu. Buɗa su, ka ciro shi. A ƙarƙashinsa akwai farar takarda. Nemi inda aka rubuta 3310 da kuma NHM-5NX, wato lambar ƙirarta. A nan kuma za ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, mai alƙaluma 15. Rubuta ta a gefe, za mu dawo kanta.

Ka kula, 3330 da 3310 kamar tagwaye suke a ido, murfinsu ma ɗaya ne. Takardar nan ce ke raba gardama. Ita 3330 an ƙara mata WAP, wato ɗan intanet na wayoyin wancan lokaci, da wurin ajiye sunaye 100 a cikin wayar kanta. Idan kuma 3390 ka gani, wadda aka yi wa kasuwar Amurka ce, tana aiki a zangon sadarwa na megahaz 1900, ba za ta kama sabis a nan ba komai ƙoƙarinka.

Mataki na biyu: batir, inda yawancin aikin yake

Batir iri biyu ne ke shiga wannan waya. Akwai BMC-3, na sinadarin NiMH mai ƙarfin 900 mAh, shi ne wanda akasari ta zo da shi. Akwai kuma BLC-2, na litiyam, wanda ya fi shi sauƙin nauyi. Dukansu bolt 3.6 ne, kuma gurbinsu ɗaya. Wanda ya shekara ashirin a akwati, kar ka sa rai da shi. Ɗora shi a kan tebur ka duba: in ya kumbura, ko ya yi farin gari a bakin ƙarfensa, ko yana wari, kada ka kuskura ka jona shi da wuta. Raba shi da wayar, ka ajiye inda yara ba za su kai ba, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, don batir yana fashewa a wuta.

Na Baba ya fitar da wannan farin garin, har ya taɓa ƙarafan wayar. Na samo sipirit da auduga 'yar kaɗan a kan tsinke, na goge ƙarafan a hankali har suka dawo da ƙyallinsu, na bar su suka bushe. Kada ka kankare da wuƙa ko reza. Rufin da ke kansu siriri ne ƙwarai, in ka kankare shi tsatsa za ta samu ƙofa.

Sabon batir kuwa, BLC-2 za ka tambaya. A kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, nufi tsofaffin masu gyara, waɗanda suka fara sana'ar tun zamanin waɗannan wayoyi, su ne suka san inda ragowar kayan suke. Tafi da wayar a aljihu, a gwada a gabanka. Batirin da ake samu yanzu mafi yawa ba Nokia ce ta yi shi ba, kuma ba laifi ba ne in yana riƙe caji, sai dai kada adadin da aka buga a jikinsa ya ruɗe ka. Abin da za ka duba shi ne ya zauna daram. In yana motsi a gurbinsa, wayar za ta riƙa mutuwa da kanta a aljihu. Maganin da kowa ya sani tun da shi ne ninke 'yar takarda a sa tsakanin batir da murfi, kuma har gobe yana aiki.

Nokia ta ce batirin kan kai sa'a 260 a ajiye, kusan kwana 11 ke nan, magana kuma daga sa'a biyu da rabi zuwa huɗu da rabi. Mutane kan ɗauka batirin ne ƙato. A'a, wayar zamani ta yau batirinta ya ninka wannan sau biyar, amma da kyar take kai dare. Sirrin yana wajen ƙarancin ci. Allon 3310 ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, jimla 4,032, alhali allon wayar zamani mai 1080 da 2400 ya haura ɗigo miliyan biyu da rabi, kuma kowanne sai an haska shi. Na 3310 da hasken rana ma ake karanta shi, fitilarsa kuma 'yan daƙiƙoƙi take yi ta mutu. Babu manhajar da ke aiki a ɓoye, babu data. Abu ɗaya da ke shan batirinta sosai shi ne raunin sabis: in tana nesa da turken sadarwa sai ta ƙara ƙarfin aikawa, har zuwa wat 2 a zangon 900. Shi ya sa wanda ke ƙauye mai sanda ɗaya ba zai ga kwanakin da na birni ke gani ba.

Mataki na uku: caja

Nokia ta yi caja mai babban baki da mai ƙaramin baki. Ta 3310 mai babban baki ce, milimita 3.5, irin su ACP-7. Mai siririn bakin nan ta wayoyin baya ce, ba za ta zauna ba. Jona ta, ka ba ta lokaci. Batirin da ya ƙare ƙaf yakan ɗauki mintuna kafin sandunan caji su fara hawa a gefen dama na allo, saboda haka kada ka yanke ƙauna da wuri. Akwai igiyoyin USB masu babban baki a kasuwa. Wasu suna yi, wasu kuma wayar ta rubuta "Not charging". In ka ga haka, sauya caja kafin ka zargi wayar. Idan batirinka NiMH ne, bar shi ya cika ya kuma ƙare sau biyu ko uku kafin ya nuna ainihin ƙarfinsa. Na litiyam ba ya buƙatar wannan.

Mataki na huɗu: layi

Wannan waya ba ta buɗe komai sai da sim a ciki. Ko Snake ba za ka buga ba, "Insert SIM card" kawai za ta yi ta nuna maka. Girman sim ɗinta shi ne babban nan na da, milimita 25 da 15, layukan yau kuwa ƙanana ne. In ka adana katin da layinka ya zo a jiki, firam ɗin da ka ɓalle shi daga ciki shi ne adafta mafi dacewa: mayar da ƙaramin sim cikin firam ɗinsa. In babu, sayi adafta.

A nan ne mutane suka fi lalata wayar da hannunsu, don haka a yi hattara. Kada ka taɓa tura adafta babu sim a cikinta. Ƙarafan da ke karanta sim 'yan sirara ne masu tankwasa, sukan maƙale a ramin adaftar, in ka ja da ƙarfi su karye, gyaransu kuma sai an kai ga allon injin. Ni nakan manna ɗan siririn salatif a bayan sim da adaftar, ɓangaren da ba zinare ba, don su zama abu ɗaya. Sai ka zura shi fuskar zinaren tana kallon ƙasa, ka mayar da batir, ka rufe, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci.

Saƙon da ta nuna shi zai gaya maka inda matsala take. In har yanzu "Insert SIM card" ne, ba ta ga sim ɗin ba: ciro, goge, gyara masa zama. In "SIM card not accepted" ne, mafi yawa wayar an ɗaure ta ne da wani kamfanin sadarwa na ƙasar da aka fara sayar da ita, kamar yadda wayoyin gwanjo da yawa suke zuwa. Mai gyara zai iya kwance ta. In ta nemi PIN, na sim ne, kuma kuskure uku ke kulle shi sai da PUK, kuskure goma a PUK kuma katin sim ɗin ya mutu ke nan. In "Security code" ta nema, wannan na wayar ne, kuma daga masana'anta 12345 yake zuwa. Kuskure biyar a jere yakan sa ta daina sauraronka na minti biyar. "Contact service" kuwa ciwo ne na ciki, kai ta wajen mai gyara kawai.

Da ta buɗe za ta nemi ka saita lokaci, kuma haka za ta riƙa yi duk sa'ad da batir ya daɗe a cire. Yanzu danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da wadda ka rubuta ɗazu. In sun saɓa, an taɓa sauya mata inji ko gida. Danna *#0000# kuma, za ta nuna sigar manhajarta da kwanan wata da NHM-5.

Mataki na biyar: sabis

3310 wayar 2G ce zalla, tana aiki a zango biyu, 900 da 1800, tana kuma sauyawa tsakaninsu da kanta. Na 900 ya fi nisan tafiya da ratsa bango, shi ya sa ya fi amfani a karkara; na 1800 ya fi ɗaukar jama'a a cikin gari. A Najeriya da Nijar har yanzu 2G na nan da ransa a waɗannan zanguna, don miliyoyin mutane da ƙananan wayoyi suke harkarsu. Amma wasu ƙasashe sun rufe shi, Singafo tun 2017, Ostareliya ma ta gama rufewa a 2018. A can wayar sai dai ado.

In sandunan hagu ba su hau ba, shiga Settings, sai Phone settings, sai Network selection, ka zaɓi Manual, ka jira ta lissafo kamfanonin da take gani. In ta ga kamfaninka amma ta ƙi shiga, duba layin a wata waya, wataƙila an rufe shi ne saboda daɗewa ba a amfani da shi ko rashin haɗa shi da NIN. Gwajin ƙarshe shi ne *310#, lambar duba kuɗin layi a Najeriya. In kuɗinka ya fito a allo, an gama. Sai shawara ɗaya: kada ka riƙa ɗora yatsa a saman bayanta lokacin kira, nan eriyar take.

Mataki na shida: saba da maɓallanta

Maɓallan sarrafa ta uku ne a ƙarƙashin allo. Na tsakiya, mai faɗi, shi ne komai: abin da aka rubuta a samansa shi yake yi, ko Menu, ko Call, ko Answer. C yana gogewa, yana komawa baya, yana kuma ƙin amsa kira. Na dama kuma sama da ƙasa ne, shi ne kuma na ƙara murya in kana cikin magana. Kulle ta kafin ka sa aljihu: Menu, sai tauraro nan take. Haka ake buɗewa.

Wajen rubuta saƙo ne mai Hausa zai ɗan yi gyara. Tana da T9, wato ƙamus mai hasashen kalma, amma babu Hausa a cikinsa, sai ka nufi "sannu" ta kawo maka wani abu dabam. Cikin shafin rubutu danna Options, sai Dictionary, sai Dictionary off. Daga nan kowane harafi da yawan dannawarsa: 7 sau huɗu ya ba ka s, 2 sau ɗaya ya ba ka a. Sifili ne tazara, # na sauya manya da ƙananan baƙaƙe, tauraro na kawo alamomi. Babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinta, kuma in wani ya turo maka su daga babbar waya, mai yiwuwa ka ga ɗan akwati a madadinsu.

Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma 3310 na barinka ka rubuta har 459, abin da ya burge mutane sosai a lokacin. Lissafin shi ne 153 sau uku: tana yanka dogon saƙo gida uku, kowane yanki ya ba da gurbin harafi bakwai don alamar da za ta sake haɗa su a wayar mai karɓa. Kuɗin saƙo uku za a cire maka, ka san da wannan. In saƙo na shigowa amma ba ya fita, duba Message centre number a cikin Message settings, ka gwada da lambar da kamfanin layinka ya bayar.

Sauran kayanta ba su da wuyar ganewa: agogon farkarwa, wanda ke kaɗawa ko wayar a kashe take muddin da caji, kalkuleta mai canjin kuɗi, agogon awon gudu, tunatarwa, girgiza, da kiran mutum takwas ta hanyar faɗin sunansu. Sautin kira 35 ne, da gurbi bakwai na naka. A cikin Tones akwai Composer inda za ka ƙirƙiri sauti da kanka: 1 zuwa 7 su ne muryoyin, 8 na gajarta su, 9 na tsawaita su, sifili ɗan shiru ne, tauraro na ɗaga murya zuwa mataki na gaba. Da can samari har littafi suke ajiyewa na waɗannan lambobi. Wasanni huɗu ne: Snake II, Space Impact, Pairs II da Bantumi. Kowa Snake yake tunawa, amma ni Bantumi na fi so, don 'yar'uwar darar nan ce mai gurabe shida-shida da iyayenmu mata ke yi a tsakar gida, kuma wayar ta iya ta fiye da yadda kake zato.

Murfinta na gaba da na baya duka ana cire su da hannu, ba sai da sukurdireba ba. Cire su, ka ɗaga robar maɓallan, ka wanke da ruwan sabulu, su bushe sarai kafin ka mayar. Wannan ƙira tana cikin dalilin da ya sa ake mata kirarin ba ta fashewa: in ta faɗi, murfi da batir ne ke tarwatsewa su ɗauke ƙarfin buguwar, injin da ke tsakiya ya tsira. Amma ruwa na kashe ta kamar kowace waya. In rubutun allo yana dusashewa, ya dawo in ka matsa gefensa, mahaɗin allon da inji ne ya saki, kuma gyara ne mai sauƙi a wajen wanda ya sani.

Mataki na bakwai: tsohon sim ɗin da ka tarar a ciki

Da gangan na bar wannan a ƙarshe, ko da yake a wajena ya fi sauran nauyi. Nokia 3310 ba ta da wurin ajiye sunaye a jikinta. Duk lambar da mai ita ya adana a kan sim take, haka ma saƙonnin da bai goge ba, kuma yawansu ya dogara da abin da katin zai iya ɗauka. Memory status a cikin Options na Phone book zai nuna maka. Ma'anar wannan biyu ce. Ta farko, in ka sa layinka na yau ka ga babu suna ko ɗaya, ba su ɓace ba, suna cikin babbar wayarka ko asusunka na Google, sai ka kwafo muhimman zuwa sim tukuna, kuma dogayen sunaye za su guntule.

Ta biyu, in akwai tsohon sim a cikin wayar, kada ka yar da shi. Ko kamfani ya rufe layin shekaru da suka wuce, har ya sayar wa wani da lambar, abin da aka rubuta a katin yana nan. Mayar da shi, kunna wayar, ka ƙyale rashin sabis, ka shiga Phone book, sai Search, ka bi da maɓallin ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Duba Inbox da Outbox ma. In ta nemi PIN kuma ba ka san shi ba, tsaya, kada ka yi ta canka, nemi katin da layin ya zo da shi a cikin takardun mai shi.

Ka tanadi biro da littafi kafin ka fara, don wayar ba ta da ramin USB ko Bluetooth da za ka kwashe su da shi, kwafa da hannu ta fi sauƙi. A na Baba mun samu sunaye sittin da 'yan kai, yawancinsu da lambobin da suka daina aiki. Amma a ciki akwai na wani amininsa na Maraɗi da muka rasa hanyar sanar da shi rasuwar, an rubuta shi da laƙabin da Baba kaɗai ke kiransa da shi. Hajiya ce ta gane sunan. Muka kira, ɗansa ya ɗauka, ya miƙa masa.